Dangin Dodon Koɗi

A aji biyu na sakandare, wurin zamana bakin taga ne, inda nake hango motocin auduga suna wucewa Funtua. Malamarmu ta kimiyya ba ta taɓa jin muryata ba. Ko sunana aka kira, hannu kawai nake ɗagawa. A makon da za a mayar da ita Danja, abin ya fara damuna: za ta tafi tana zaton babu komai a kaina.

Ranar Laraba ta zagaya da wayarta benci-benci, tana nuna mana wata halitta ta can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa. Oktofas sunanta. Hannuwa takwas gare ta, fata ta haɗe su kamar lema, ga wasu filafilai biyu a ka kamar kunnuwa, da su take iyo. Malama ta ce irinta gida biyu ne: masu kunnuwan nan da siraran gashi a hannu, da marasa su. Masu kunnuwan ba su da tawadar da 'yan uwansu na saman teku ke fesa wa maƙiyi, don a wannan duhun ba wanda zai ga tawada.

"To, dangin wace dabba ce? Ku zo mini da amsa gobe."

"Kifi ce, Malama!" in ji 'yan gaba.

"Ai wannan ko da tuwon shinkafa ba zan ci ba," in ji wata daga baya. Aka kwashe da dariya.

Ni jikin nake kallo. Ba ƙaya, ba ɓawo, yana miƙewa yana tattarewa. Na san wannan motsin. Kowace damina ina ganinsa a gindin randar Inna, mahaifiyata.

Da safe na ɗauko dodon koɗi ɗaya, na sa a gwangwanin madara da ɗanyen ganye. Inna ta ce, "Ke kuma, yau wannan ne abin karin kumallon?"

Kafin a shiga aji na ajiye shi a teburin Malama, na koma wurina. Da ta shigo, ya riga ya fito, yana jan farin sawu a kan teburin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Dangin ke nan, masu laushin jiki. Wa ya kawo?"

Hannuna ya fara tashi kamar kullum, sai na danne shi a cinya.

"Ni ce, Malama."

Ta waiwayo wajen taga. "Ashe haka muryarki take."

Da aka tashi na mayar da shi gindin randa. Malama kuma ranar Juma'a ta hau motar Danja. Har yau in aka yi ruwan farko, sai na duƙa na leƙa bayan randar.