Jaki a Bayan Motar Alhaji

Yayana bai taɓa ganin zaki ba, amma ya zana zakuna sun fi a ƙirga. A tashar Konni yake yi wa motoci zane, lokacin ni ina kwaleji a Tawa, sai hutu nake zuwa gida. Zakunansa duka daga wani kwalin ashana ya kwaso su, kuma na sha gaya masa gaskiya cewa kyanwa ce da ta ci ta ƙoshi. Ba ya jin haushi. Sai ya ce to yaya zai yi da dabbar da bai taɓa shafa bayanta ba.

A hutun bazarar wata shekara Baba ya yanke magana: in fentin nan bai zama sana'a ba kafin ruwan shuka, Yaya ya ajiye buroshi ya koma gona a Dogarawa. Ana cikin haka wani Alhaji, Bafillace mai fataucin shanu da albasar Galmi, ya sayo sabuwar gingimari. Ba a taɓa ba Yaya babbar mota ba. Alhaji ya buga allon baya da sandarsa, ya ce a zana masa jaki, ƙato, wanda duk mai biyo motar zai gani ya shiga taitayinsa. Ya faɗa ya wuce Sakkwato.

Na kai wa Yaya fura na tarar da shi bakin nan har kunne. Wai yau ya samu mutum mai hankali, mai son dabbar da ya sani. Washegari ya tafi Dogarawa takanas don ya kalli tsohon jakinmu auraki, ya wuni a gindin turke. Da ya dawo, ko abinci sai na yi masa faɗa yake ci.

Jakin da ya fito a allon nan, wallahi kamar ka ce masa kur ya motsa. Mangala cike da jar albasa, ƙafar gaba a ɗage, igiya tana ja a ƙasa ba mai riƙe da ita. Na ce ya manta da mai jakin. Ya ce bai manta ba, jaki ya san hanyar gida, haka yake roƙa wa motar. Kunne ɗaya ya kalli gaba, ɗaya baya: wai ɗaya na sauraren hanya, ɗaya na sauraren waɗanda aka baro. Na ce wa zai tsaya karanta kunnen jaki a bayan mota mai gudu. Ya ce wanda aka wuce yana shan hayaƙi, ai shi yana da lokaci.

Ranar da Alhaji ya dawo, 'yan tasha suka taru. Ya zagaya bayan mota ya tsaya cak. Sannan ya tambaya wa ya sa a zana masa wannan. Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa shiru ba ya zama a bakina.

"Alhaji, kai ka ce jaki. 'Yan tasha duk sun ji."

"Jaki na ce, ɗiyata. Jakin dawa, mai gashi a wuya."

Sai a nan muka tuna da abin da duk Konni ta sani: bakin Alhaji ba ya kama "za", in zai ce zo sai ya ce jo. Zaki yake nufi. Tasha ta ɗauki dariya, wani mai shayi har da zama a ƙasa. Direban motar ya rantse ba zai shiga Malbaza ana kiransa direban jaki ba. Na dubi Yaya na ga gona a fuskarsa.

Alhaji ya ce a goge. Yaya ya ɗauko gwangwanin farin fenti, ya ce zai goge, amma a bar shi ya faɗi kalma guda. Motar nan shanu za ta riƙa ɗauka. Jaki da shanu rijiya ɗaya suke sha, shi kuwa wancan mai gashi a wuya shanu yake ci.

Alhaji ya dogara da sanda ya sake duban allon. Ya tambayi ma'anar igiyar, Yaya ya gaya masa. Ya tambayi kunnuwan. Can ya ce innarsa tana da jaki irin wannan sak, a kansa take ɗora shi tsakanin ƙore in za su tashi ruga. Ya ce a rufe gwangwanin. Direba aka lallashe shi da ɗan zaki a jikin ƙofa, irin na kwalin ashana.

Baba bai sake ta da maganar gona ba. Bayan girbi Alhaji ya sayo mota ta biyu, ya nufo tasha wajen Yaya. Wannan karon bai ambaci sunan kowace dabba ba. Bijimi ya jawo da igiya har gaban allo, ya nuna shi da sanda.