Hoton Inna Zuwa Wurin Kawu

Karatuna bai wuce in gane motar unguwarmu Umbadda in ta tsaya ba, amma da kyamara na ci abinci har gemuna ya yi fari. Biki, suna, lallen ango, saukar karatu, da wuya a sami gidan Hausawa a Omdurman da ban shiga na ce a daina ƙifta ido ba. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, uwar da ta haife ni. Da ta ga na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kai, ja'iri, kawar mini da idon aljanin nan. Mai son ganina ya zo ya gaishe ni."

Tana ƙarama iyayenta suka taho da ita daga wani ƙauye gabas da Haɗeja, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare a gonakin audugar Jazira, aka ce a ɗan huta, hutun da har yau ba mu tashi ba. Wanta kuwa an bar shi wurin kaka, wai ai za a dawo. Ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba sai da ta tsufa, wani falke mai kawo kaya kasuwar Suk Libya ya zauna shan shayi a shagona, hira ta kai ga asali, ya ce ai ya san tsohon, yana nan da ransa. Da ya sake zuwa ya kawo saƙon baki. Kawu ya ce ba ya neman komai, so yake ya ga fuskar ƙanwarsa kafin a rufe tasa.

Inna ko bakin ƙofa ba ta iya kaiwa sai da dafa bango, balle jirgi. Lokacin kuma waya ba ta yi ido ba tukuna. Aka yanke ni zan tafi da hotonta. Ita fa ta kafe. Na roƙa, matata ta roƙa, limamin unguwa ya zo ya ce babu laifi, ta ba shi jabana, gahawar garinmu, ya sha, ta ce ya gai da gida. Sai ranar tafiyar, da hantsi, ina ɗaure jaka, na ji ta kira ni.

"Zo ka yi abin naka. Sau ɗaya. Kada ka ce in yi dariya, ba ni da haƙoran."

Ta zauna a kan angareb a tsakar gida, gadon igiyar da take yini a kai, ta miƙe wuya kamar za a yi mata allura. Sau ɗaya ta ce, ni kuwa da na samu sai na yi ta latsawa ina tari don kada ta ji ƙarar. Babu sauran lokacin wanke fim, na ce a Kano zan wanke. Na ajiye kyamarar a gefenta na fita ƙofar gida, inda maƙwabta suka taru yi mini Fatiha, kowa da ƙunshin da zan kai wa ɗan'uwan da bai taɓa gani ba.

Tun makonni nake shirin yadda kyamarar nan za ta hau sama. Masu zuwa Umra sun tsorata ni: kayan ƙarƙashin jirgi jifa ake yi da su, na'urar da ke leƙa cikin jaka kuma ƙone fim take yi. Don haka da na dawo ciki na suri kyamarar ko dubawa ban yi ba, na sa mata safa a ido, na cusa ta a hular sanyi, na naɗe da tsohon zanen matata, na saka a kwanon sha mai murfi, na ɗaure da rawani na rataya a wuya. Matata ta ce na yi kama da mai tallan fura. Inna ta dafa kwanon ta tofa addu'a.

"Ba abin da zai same ta," in ji ta. "Na gama da wannan."

Na ce amin, ban tambaye ta me ta gama ba.

Muka haye gada zuwa Khartoum, ina rungume da kwano a cikin mota, kowane rami sai na ɗaga shi sama. A filin jirgi na tsaya gaban na'urar na ƙi sakin kayana. Ma'aikacin ya dube ni.

"Ya Haj, abincin rana ne?"

"Uwata ce a ciki, ya zol, bawan Allah."

Ya ce to a fito da Hajiya ta sha iska. Na kwance rawani, na buɗe murfi, na warware zane, mutanen layi suna ta dariya, ni ma ina taya su. Ya juya kyamarar a hannu, ya miƙo mini ta gefe ba tare da ta shiga na'urar ba. Na yi ta sa masa albarka.

A wurin jira ne, zan mayar da ita cikin hula, idona ya faɗa kan 'yar tagar da ke nuna yawan hotunan da aka ɗauka. Ta koma farko. Wannan taga ba ta komawa sai an buɗe ƙofar baya, inda fim yake kwance, kuma fim in ya ga rana ya mutu. Na kai kyamarar hanci. Ƙamshin turaren sandaliyar Inna ne a jikin marfin. Aka kira jirgi. Na hau, karo na farko a rayuwata, ban leƙa taga na ga kogin garinmu ba.

A Kano mai wankin hoto ya buɗe ta a ɗakin duhu, ya fito da wata 'yar laya siririya naɗe da jan zare. Shekara da shekaru Inna tana kallon yadda nake jan maɓallin in sa fim, ashe ta koya. A cikin hasken ranar Omdurman ta buɗe, ta nemi lungu ta cusa, don kada kyamara ta faɗo daga sama. Hotunan farkon fim sun tsira, na akuyar maƙwabcina da na wani ango mai kumburin ido, tsaf da su. Nata duk sun wanke fari fat, sai guda ɗaya da hasken ya bar gindinsa: ƙafar gado, gefen zane, da ƙafafunta biyu a kan tabarma.

Shi na kai wa Kawu can ƙauyensu. Na gaya masa gaskiya. Ya riƙe hoton kusa da ido, sannan ya sa aka cire masa takalmi ya jera ƙafarsa kusa da takardar. Babban yatsan a karkace, nasa da nata. Ya ce na babansu ne. Ya tambaye ni ko zan dawo da fuskar. Na ce in sha Allahu. Kafin in bar Kano aka biyo ni da labarin an binne shi.

Da na koma Umbadda na tarar da ita a kan gadon. Ban faɗi rasuwar ba sai da ta sha ruwa. Ta yi salati, sannan ta ce:

"Ya gan ni?"

"Ƙafafunki ya gani, Inna. Rana ta cinye sauran."

Na jira faɗa, ko ta tambayi dalili. Ba ta tambaya ba. Ta janye zane ta zuba wa ƙafafun ido, duk faso, sun kumbura.

"To ai ya ga masu laifin," ta ce. "Su suka tafi suka bar shi."