Ranar da Muka Ƙetare Mashigin Mayyun

Alhamis ce. Na ɗora shayi, maigidana Baban Hanifa yana shirin fita aiki. Injiniya ne, ɗan Kano kamar ni. Aikin injin tace ruwan teku ya kai mu wani ƙauyen masunta a ƙarshen Yaman, inda ƙasa ta miƙa cikin teku kamar yatsa. Daga tagarmu muna hango tsibirin Mayyun, baƙin dutse, babu ko bishiya. Tsakaninmu da shi siririn mashigi ne mai ƙarfin igiyar ruwa. Bayan tsibirin akwai babban mashigi, hanyar manyan jirage, sannan Afirka.

Ƙarfe bakwai muka ji rugugi daga sama. Bam na farko ya faɗa kan injin ruwan. Na biyu kan kasuwar kifi. Gilashin taga ya watso mana. Hanifa, 'yarmu mai shekara huɗu, ta dafe kunne, jini na bin yatsunta.

Hanyar mota ɗaya ce, kuma ta nan harbin yake tahowa. Sai teku.

A bakin ruwa na tsallake gawar matar da nake sayen gishiri a wurinta. Salim, maƙwabcinmu masunci, yana tsaye kan kwalekwalensa.

"Ku hau! Mata da yara tukuna!"

Muka hau ni da Hanifa, amma ruwa ya janye, kwalekwalen ya kafe a yashi. Maza suka shiga turawa, har da Baban Hanifa. Kwalekwalen ya motsa ke nan sai harsasai suka fara tsaga ruwan, tas-tas-tas. Na ji muryar Baban Hanifa.

"Maman Hanifa, danne ta ƙasa!"

Na danne ta. Da na ɗago, igiyar mashigin ta riga ta fizge mu. Wasu mazan sun kama gefe, an jawo su. Shi yana tsaye, ruwa iya ƙirji, hannu ɗaya a sama. Sai ya durƙusa. Ruwan wurin ya yi ja. Na yi ihu ina roƙon Salim ya juya. Ya ce wannan igiyar ba a juyawa a cikinta, duk za mu kife.

Muka laɓe a bayan tsibirin har azahar. Da la'asar sakaliya muka sauka gaɓar Jibuti.

Yayana likita ne a Manchester, shi ya yi ta fama har muka iso wurinsa. Yanzu muna wani flat a unguwar Cheetham Hill. Kunnen Hanifa na hagu ya mutu. GP, likitan unguwa, ya sa mu a layin jiran asibiti, shekara ta zagayo ba a kira mu ba. Idan bus ta taka burki a Oxford Road, ni kaɗai nake durƙushewa, sai in ji kamar bam ne.

Surukata ta bugo daga Kano, tana tambayar inda aka binne ɗanta. Na ce, "Hajiya, bai samu sutura ba."

Sai ta ce in ba ta Hanifa su gaisa.