Ranar da Aka Tone Wardina

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ban zaci zai iya kwashe ranar da aka zo kankare ƙasar tsakar gidanmu ba, ranar da na tsaya gaban itatuwan fure guda huɗu ina gardama da mutanen da suka zo taimakonmu.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, a ƙasar Anka. Furen wardi kuwa a Gusau na samo shi, da aka tura mu wani kwas na malamai. Akwai wani dattijo mai kula da shuke-shuken masaukinmu, kullum da safe nakan tsaya ina kallon yadda yake rage musu rassa. Ranar da za mu tafi ya yanko mini rassa shida, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya ce in soka su cikin yashi mai laima, a inuwa, kada in cika musu ruwa. Huɗu suka kama.

Wardi ba zogale ba ne da za ka soka ka manta da shi. Na roƙo busasshen kashin shanu a rugar Fulanin da ke bayan gari, na bar shi ya ruɓe kafin in zuba. Da gara ta taso na kewaye gindin da toka. Da wasu ƙananan ƙwari suka manne wa tohon, na daka ganyen dogon yaro na jiƙa, ina yayyafa ruwan. Lokacin bazara na kafa musu zana saboda ranar la'asar. Bayan damina nakan datse rassan, Inna, mahaifiyata, tana kallona tana cewa na kashe su, sai kuma su toho fiye da da. Abokaina suna yi mini dariya, wai namiji da noman abin da ba a miya da shi. Ban damu ba. Idan suka buɗe da safe, ja wur, ƙamshin har zaure ake jin sa.

Babbar wahalar ita ce ruwa, don rijiyarmu tana da nisa kuma takan janye da rani. Sai ga harkar zinari ta shigo ƙauyen. Ƙanena ya shiga, kamar yawancin samarin garin. A buhu ake kawo dutsen zinarin cikin gida, a daka, a niƙa, a wanke a cikin daro. Ruwan wankin yana malala a tsakar gida haka kawai. Na duba na ga asara ce, sai na ɗauki fartanya na yi masa 'yar hanya har gindin wardina. Har alfahari na riƙa yi da wannan dabara. Itatuwan kuwa ba su nuna komai ba, sai ma ƙara ganye da suka yi.

'Yata ta fari tana da shekara biyu da rabi a lokacin. Duk inda na sa ƙafa tana biye. Wurin wardin ne wurin wasanta, don nan ne kaɗai ke da sanyi da laima a gidan. Takan zauna ƙarƙashin zanar tana tsince furen da ya zube, tana cuɗa ƙasa, tana kai hannu baki kamar kowane yaro. Ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa ta gado ni.

Daga nan yara suka fara ciwo a garin. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iskoki. Mun kai ƙananan gawawwaki maƙabarta fiye da yadda nake son tunawa. Tawa ta fara da amai, ta daina wasa, ta daina ɗan surutun da take yi. Wata rana da hantsi ina aji aka zo aka ce tana jijjiga. A kan babur muka kai ta asibiti a Anka, uwarta na rungume da ita, ni ina biye a wani babur ɗin ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Aka ɗebi jininta, aka ce gubar dalma ce, daga ƙurar dutsen zinari take. Aka kwantar da ita, uwar ta zauna jinya.

Tana can kwance ma'aikatan tsabtace gidaje suka iso unguwarmu. Suna da wata 'yar na'ura da suke ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan gubar. Shugabarsu wata mata ce mai magana a hankali. Ta auna ƙofar ɗakuna, ta auna madafa, ta auna inda ƙanena ke daka. Da ta zo gindin wardin sai ta auna, ta sake aunawa, sannan ta ɗago ta dube ni. Ta ce duk gidan babu inda ya kai nan. Dole a kwashe ƙasar wurin da zurfi, a tone itatuwan da saiwarsu.

Har yau ina jin kunyar abin da na yi. Na fara ciniki da ita. Na ce zan kewaye wurin da ƙaya, na ce zan shimfiɗa duwatsu a kai, na ce ai itatuwan lafiyarsu lau, ta duba ganyen ta gani. Ta saurare ni har na gama, ta ce iska da kaji za su ci gaba da watsa ƙasar, kuma lafiyar ganye ba ta nuna lafiyar ƙasa. Ban yarda ba. Yanzu na gane ba furen kaɗai nake karewa ba. Idan na yarda nan ne ya fi guba, na yarda ke nan da hannuna na jawo gubar zuwa inda 'yata ke zama.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tun da suka shigo. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ba tare da ta ɗaga murya ba ta ce, "Ɗan nan, ɗiyakka na kwance Anka, kai kana nan kana ceton icce. In Allah ya maido ta, ina za ka ce mata ta zauna?"

Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙata. Matar ta ce in ina son iri, in yanki rassan sama, in wanke su sosai, in dasa a sabuwar ƙasa. Na yanki takwas. Sannan na karɓi diga a hannun wani ma'aikaci, na ce a bar ni in fara. Saiwar ta yi zurfi fiye da yadda na zata. Aka loda komai a buhuna aka fitar, aka kawo jar ƙasa mai tsabta aka baje. Gidan ya koma fili fetal kamar ba namu ba.

Da la'asar ƙanena ya same ni a zaure. Makonni ke nan ba na yi masa magana in ban da gaisuwa, don a raina shi na ɗora wa laifin duka. Ya durƙusa ya ce in yafe masa, shi ya kawo bala'in gida. Na ce masa, "Kai ka kawo dutsen, amma ni na yi wa ruwan hanya. Tashi, mu roƙi Allah tare." Ya tashi ya zauna kusa da ni, muka ɗaga hannu muka yi addu'a.

Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, ta dawo gida bayan makonni. Amma ba ta dawo yadda ta tafi ba. Maganarta ta yi jinkiri, karatu kuma ya zo mata da wuya, ni da nake koyar da 'ya'yan wasu na sha zama da ita kan baƙi ɗaya har mako. Yanzu ta girma, ɗinki take yi, kuma hannunta yana da kyau. Cikin rassa takwas ɗin biyu suka rayu, a tukwanen ƙasa, da ruwan rijiya zalla.

Abin da na koya shi ne, kyan abu a ido ba shaida ba ce cewa lafiya yake, kuma son abu yakan toshe kunne. Tun daga ranar, idan wani ya zo mini da magana mai ɗaci a kan abin da nake ƙauna, in na ji bakina ya cika da hujjoji, sai in yi shiru tukuna in tambayi kaina ko gaskiya nake karewa, ko kuwa kaina.