Layar da Baba Lauwali Ya Farke

Mahaifinmu, Baba Lauwali, baduku ne a Jega, kamar ubansa da kakansa. Takalma yake ɗinkawa da kuben wuƙa na mahauta, da su ya ciyar da mu. Amma in ka tambayi mutanen unguwarmu abin da suke tunawa da shi, laya za su ce maka. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Amininsa Malam Rufa'i zai rubuta addu'a, ya ninke takardar ƙanana, ya naɗe da zare, ya aiko. Baba ya zuba a wata tsohuwar gafaka, wato jakar fata da ke rataye a ɗakinsa, in ya samu sarari ya yanko jar fata ya ɗinke. An yi haihuwa, ya kai. Wani ya fara tuƙin mota, ya kai. Ni kaina, Bushira, da na ishe shi da baki tun ina yarinya, sai da ya rataya min guda biyu wai ko Allah zai sa in rage magana, ga shi har yau ba su ci ba.

Ƙa'idarsa biyu ce. Ba ya warware zaren Malam ya ga abin da ke ciki, da ma ba ya karatu, na allo ma iyakarsa na salla. Sannan layar da aka ɗinke ba a farke ta. Ya ce wanda ya farke laya ya kashe ta, kuma ya ci amanar mai ita.

Shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Kebbi, ƙanwata Umaima ta gama makarantar horon malamai a Sakkwato. Ita kaɗai ta yi boko a gidanmu. Ta dawo da takardar sakamakonta, 'yar fallen nan guda mai hatimi, ta ba innarmu Tabawa ta ajiye mata saboda gara ta addabi ɗakinmu. Bayan wata uku aka ce sabuwar jiha na ɗaukar malamai, kowa ya je Birnin Kebbi ran Litinin da takardarsa ta ainihi a hannu. Ran Alhamis muka ji labari. In ta ɓace, neman wata a Sakkwato sai an yi watanni, kafin nan an rufe ɗauka.

Umaima ta ce Inna ta ba ta ajiyarta. Inna ta tashi da fara'arta ta nufi ɗakin Baba, ta sauko da gafaka, ta zazzage. Babu komai sai guntayen zare. Ashe baiwar Allah, da ta ga takarda ce mai daraja, sai ta yi mata abin da ta ga ana yi wa takarda mai daraja shekara talatin a gidan nan: ta ninke ta ƙanana, ta naɗe da zare, ta sa a inda ta san ko ɓera ba ya kusanta.

Aka kira Baba daga kasuwa. Da ya gane zancen ya zauna a kan turmi, ya cire hula. Ya ce layu biyar ya ɗinka tun daga lokacin, duk ya rabar. Har ya tuna akwai ɗaya da ta fi sauran kauri, ya ɗauka Malam ne ya yi addu'a mai ƙarfi. Wa ya kai wa ita? Ya rantse bai sani ba, don in an rufe da fata duk kamarsu ɗaya.

Ban taɓa ganin Baba ya nemi kyautarsa ta dawo ba, ko da goro ne. Ran Juma'a da safe ya ɗauki askarsa ta yankan fata da basilla da zare, ya ce mu bi shi, ni da Umaima. Muka fara da tashar Jega, wurin wani direba da ya rataya tasa a madubin mota. Baba ya yi ta gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya koma kan iyali, sai da na gaji na faɗa wa mutumin abin da ya kawo mu. Direban ya ciro ya miƙa yana kallonmu kamar mun zare. Baba ya juya baya, ya yi bismilla, ya sa aska. Rubutun Malam ne. Ta wani mahauci da ke bakin kasuwa ma haka.

Bayan masallaci muka shiga Aliero wurin Attahiru, manomin albasa, wanda ya ɗaure tasa a jikin rumbun da ya adana amfanin shekararsa. Shi kam bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce in albasarsa ta ruɓe ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na so in ba shi amsa daidai da shi, Baba ya harare ni. Aka farke, rubutun Malam. Ran Asabar muka je Maiyama gidan wata amarya, ita ma dai haka, har uwar mijinta ta raka mu ƙofa da maganganu. Kowace Baba ya farke sai ya yi alkawarin kawo sabuwa, muryarsa na ƙara yin ƙasa.

Saura ɗaya, kuma yanzu mun san takardar tana cikinta. Layar tana Karaye ta nan ƙasar Maiyama, a wuyan Haidar, yaron wata 'yar ƙanwar Baba mai suna Barakatu. Muka hau kabu-kabu biyu muka isa da la'asar. Ni har na fara jin sanyi a raina, ina tsokanar Umaima da malama.

Abin da ban sani ba, yaron nan ya sha jinya. Barakatu ta binne 'ya'ya biyu kafin shi, shi ma zazzaɓi ya riƙa sa shi sanƙarewa har aka fid da rai. A makon da jikin ya tsananta ne Baba ya kai masa layar, kuma tun daga ranar, in ji ta, ko mura bai yi ba. Da ta ji abin da muka zo yi, ta janye yaron ta rungume.

"Kawu," ta ce, "in ka yanke ta wani abu ya same shi, mi za ka ce mini?"

Baba ya dubi Umaima, ya dubi yaron. Ni da nake ganin duk duniya babu abin da ya kai takardar nan, sai na ji kunya ta rufe ni. Daga ƙarshe Barakatu da kanta ta kwance igiyar, tana hawaye, ta ce ba za a ce ita ta tare wa 'yar'uwarta abinci ba.

Layar ta yi baƙi, ta yi laushi. Yaro mai haƙori, wata biyu yana tauna ta, ana masa wanka da ita, ana shafa masa man kaɗanya. Baba ya farke ɗinkin a hankali, ya warware zaren Inna. Abin da ya fito ya fi kama da tuwon da ya kwana a ruwa. Umaima ta sa farce tana ƙoƙarin buɗe ninkin, yana narkewa a yatsunta. Gefen hatimin ya rage, da 'yan haruffa uku na sunanta. Ta tsuguna a wurin, ba ta yi kuka ba, ni ce na fashe da salati har maƙwabta suka leƙo.

Barakatu ta matso ta duba. Na zaci za ta ce an yaudare ta, wata biyu tana dogara da takardar boko. Sai ta tattara ɓarɓashin nan daga hannun Umaima, har wanda ya faɗi ƙasa ta tsince, ta miƙa wa Baba.

"Mayar mini da ita ciki ka ɗinke, Kawu. Ita ɗanga ya sani."

Baba ya ce mata babu ko aya ɗaya a ciki, ta ce ta ji. Sannan ya zauna a kan tabarma ya zaro basilla, amma sau uku yana kuskuren huda. Umaima ta share yatsunta a zane, ta matsa kusa da shi, ta riƙe masa bakin fatar har ya gama.

Ran Litinin motar Birnin Kebbi ta tashi daga tashar Jega da 'yan ajin su Umaima huɗu. Umaima na tsakar gida tana surfen gero, Baba kuwa bai fita kasuwa ba.