Tsayuwar Zalɓe

Jiya da safe na ga zalɓe a bakin kwatar bayan gidanmu, ya naɗe ƙafa ɗaya ya tsaya a kan ɗaya, ko gezau. Rabona da tsuntsun nan a cikin Kano har na manta, don kududdufan da yake bi duk an cike su an yi shaguna. Da buta a hannuna na tsaya ina kallonsa, har jikata ta ce, "Hajiya, lafiya?" Lafiya lau. Kakana na tuna, da wani tsoho mutumin Sin wanda ko sunansa ban taɓa sani ba.

A Fagge na tashi, a gidan mahauta, shekarun da ake gab da karɓar mulkin kai. Kakana, wanda duk gida muke kira Baba Tsoho, ɗan dambe ne a zamanin ƙuruciyarsa. Ban riski wannan zamani ba, amma na riski hannunsa na dama mai tabon igiyar da ake naɗawa, na kuma ga yadda kafaɗarsa ke motsi da kanta in aka taɓa kalangu. A dambe, in gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, kuma tsofaffin unguwa sun shaida tasa ba ta taɓa taɓawa ba.

Wata damina ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da taimakon Allah baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafa ta ƙi ɗaukar nauyinsa. Bai damu da barin kasuwa ba. Abin da ya ci masa rai shi ne sallar zaune. Liman ya zo har zaure ya gaya masa mai lalura ladansa cikakke ne, ya ce ya sani, ya gode. Amma daga ranar da aka jingina shi a ƙarshen sahu yana kallon ƙafafun mutane, bai sake zuwa masallaci ba. Nakan leƙa shi a ɗaki bayan ya sallame, in ga yana hararar ƙafar nan kamar ta ci amanarsa, sai tausayi ya kama ni.

Sanda kuwa ya rantse ba zai riƙe ba. Ni ce na zama sandar, ya dafa kafaɗata mu ja jiki zuwa ƙofar gida. "Sandata mai surutu" yake kirana, ni kuma in ce masa tsohon miji mai nauyin tsiya.

A lokacin ne labari ya cika unguwa cewa akwai mai bori a bakin kududdufin da ke tsakaninmu da Sabon Gari. Mutumin Sin ne, cikin waɗanda aka kawo su haɗa injinan kwanon samira, yana haya a Sabon Gari. Kullum da sassafe sai ya fito shi kaɗai, ya tanƙwashe yatsu kamar farce, ya yi rarrafe, ya yi tsalle, ya ɗaga ƙafa. Kakata, Inna, ba ta ko je ta gani ba ta yanke hukunci. Ai mu mun san wanda ke yin abin dabba da jikinsa, iska ce ta hau shi. Abin da ya ba ta mamaki kawai shi ne iskokin Sin ba sa jiran goge ko garaya.

Baba Tsoho ya ce in kai shi ya gani. Muka lallaɓa, muna tafe muna hutawa, ƙanshin ƙosai na biye da mu. Muka same shi, ɗan siririn tsoho mai furfura, cikin baƙin wando da farar singileti. Ni dai na ƙanƙame rigar kakana ina karanta duk abin da na haddace a allo. Shi kuwa Baba Tsoho ya ƙura wa mutumin ido, can sai na ji yatsunsa sun matse kafaɗata.

"Wane bori?" in ji shi. "Wannan faɗa ne. Dubi inda yake ajiye nauyinsa."

Daga nan na fara gani da idon kakana, kuma wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. In ya yi damisa, sai ya durƙusa ƙasa-ƙasa, ya kai cafka da dukkan jikinsa. In ya yi maciji, hannun ya zama kamar ba ƙashi, ya lauye ya lauye sannan ya kai sara. Akwai na ƙoƙi-ƙoƙi, ƙwaron nan mai naɗe hannu kamar yana roƙo. Na biri shi ne ya ba ni dariya har tsoro ya sake ni. A ƙarshe ya buɗe hannuwa kamar fiffike, ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya tsaya cak. Can gefen ruwa ga zalɓe na gaske a tsaye, ba ka ce ga wanda ya koya wa wani ba.

Da ya gama ya zo ya gaishe mu da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Baba Tsoho, da yake hali ba ya tsufa, ya dunƙule dama ya kai masa naushi don gwaji. Tsohon Sin ya kauce kaɗan, ya share hannun da bayan nasa. Ƙafar hagu ta ci amana, kakana ya tafi zai kifa, sai mutumin ya tare shi da hannu ɗaya kafin gwiwarsa ta kai ƙasa. Suka kalli juna, suka fashe da dariya. Mutumin ya nuna ƙafar, ya nuna tsuntsun, ya ce, "Zalɓe. Gobe. Kullum."

A hanyar gida kakana ya ce da ni, "Mu 'yan dambe sunan dabba muke ɗauka a yi mana kirari. Waɗannan mutane zama suka yi suka kalli dabbar har suka ɗauke halinta."

Haka muka shiga zuwa. Da farko kakana ko ɗaga ƙafa ba ya yi. Tsohon Sin sai ya sa shi ya dafa kaina, ya zuba nauyi a ƙafa mai lafiya, ya mai da shi a hankali kan mai ciwo, yana jan numfashi. Mutumin da ya saba da zafin nama aka ce ya yi a sannu, ai kuwa ya sha tsaki. Damina ta wuce, aka yi girbi, ruwan kududdufi ya ja baya, muna nan muna yi.

Inna fa hankalinta ya tashi da gaske. A wurinta iska ce ta taɓa mijinta tun farko, ga shi kuma ya kai kansa hannun mai iska. Ta yi hayaƙi a ɗakinsa, ta ɓoye takalmansa, muka tafi ba takalmi. Da ta ji yaran unguwa na cewa an yi wa Baba Tsoho girka, wato an shigar da shi bori, ta yi kuka, ta aika wa liman. Liman ya bi mu wata safiya ya zauna ya kalla. Ya tambaya ko ana kiran sunan wani abu, ko ana yanka. Aka ce babu. Ya kaɗe rigarsa ya ce shi bai ga komai ba sai tsofaffi biyu da tsuntsu. Inna ba ta yarda ba har ta koma ga Allah, amma daga ranar takan dama fura ta ce in kai wa "mai iskan nan", kada yunwa ta kashe shi a garin mutane.

Ana tsakiyar zafi, wata la'asar, kakana ya yi alwala ya ce mu je masallaci. A bakin ƙofa ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata. Na tsaya a waje riƙe da takalmansa, ina leƙe ta taga. Ya shiga sahu, ya haɗa kafaɗa da mutane. Ƙafar tana rawa, ina ganinta, amma ya yi ruku'u ya ɗago, ya yi sujada ya miƙe, har aka sallame. Da ya fito gemunsa jiƙe yake da hawaye. Ya karɓi takalmansa ya ce, "Sanda, na sake ki."

Washegari ya sa aka yi kilishi mafi kyau a gidanmu ya kai wa mutumin Sin da kansa. Ba a jima ba aiki ya mai da tsohon Sin Ikko, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Kakana kuwa a tsaye ya yi sallarsa har ciwon ajali.

Yanzu jikokina suna kallon mutanen Sin a waya suna tashi sama suna rusa katanga, su ce wai wannan shi ne faɗan dabbobi. Ni wanda na sani bai taɓa dukan kowa a gabana ba, tare mutum ya yi. Bara gwiwoyina suka fara ciwo, 'ya'yana suka sayo mini kujerar roba ta salla. Na gode musu. Amma kullum da safe nakan dafa bango, in ja numfashi, in ɗaga ƙafa ɗaya, yara na dariya wai Hajiya ta zama 'yar Caina. Kujerar tana can lungu, an jibga mata kayan wanki.