Uwar Kowa Bayan an Rushe Kasuwa

Tun kafin ta fara furfura ake kiranta Uwar Kowa. Tumatir da albasa da barkono take sayarwa a layin ƙarshe na tsohuwar kasuwa, a wata rumfa mai yoyo, amma babu rumfar da ta kai tata jama'a. Mai goyo za ta ajiye mata jariri ta shiga cefane. Ɗan dako zai zo ya miƙe a bencinta. Wanda ya yi faɗa da matarsa ma nan yake zuwa a ba shi baki. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana, da wannan sana'a ta rene su, kuma ba a taɓa jin ta ce wa wani ya tashi mata daga inuwa ba.

Sai aka ce za a gyara kasuwa. Kuma gaskiya tana bukatar gyaran: kwata ta toshe, wayoyin wuta sun harɗe kamar saƙar gizo, gobara ta taɓa cinye layin masu yadi. Ita da bakinta ta ce a yi. Ranar da motar rusau ta zo, tana tsaye aka kwantar da rumfarta. Ta ɗora bencinta a ka, ta bi sauran zuwa wani fili a bayan tasha, inda aka ce su zauna na ɗan lokaci.

Ɗan lokacin ya ƙi ƙarewa. Filin babu bishiya ko ɗaya, tumatir yakan yi laushi tun kafin rana ta raba. Masu saye ba su biyo su ba. Gwiwarta ta fara ciwo, 'yar autarta ta bar makaranta ta dawo tana taya ta kasa kaya. A hankali dariyarta ta ɗauke, benci ya zama nata ita kaɗai.

Wata safiya wata yarinya mai tsohon ciki ta zo da tiren barkono, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, an ce in zo wurinki. Ko nan gefe ne in ɗan raɓa."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma. An ce ba kya korar mutum."

"To yau kin ga na kora. Ni da nake wurin ban sayar ba, sai ke? Ɗauki tirenki."

Yarinyar ta ɗauka, ta tsallaka titi, ta zauna a inda motoci ke tuttula hayaƙi. 'Yan kasuwa suka yi ta kallon juna.

Kafin yamma labari ya kai kunnen ƙaninta, ma'aikacin ofis, mutumin kirki mai son abu ya tafi daidai. Ya same ta a gida tana shafa wa gwiwa man zafi.

"Haba Yaya, ke ce kuwa? Gyara ai sai da haƙuri. Kowa yana shan wahala, amma kada wahala ta canza miki hali."

Ta ɗago ta dube shi.

"Auta, a ofishinku akwai fanka?"

"Akwai."

"To zo ka wuni a filin nan, gobe ka faɗa mini haƙuri. Da ina da inuwa, shi ya sa nake rabawa. An ɗauke inuwar, an bar ni da rana, kuma ana so in ci gaba da rabo? Me zan raba? Ku kun ce in jira gini, na jira. Yanzu kuma har fuskata kuna so ta yi ta murmushi don kada ranku ya ɓaci."

Ya tashi ya matso mata da kujera ta ɗora ƙafa.

Amma abincin ranar bai shiga cikinta ba. Da ta ɗauki loma sai ta ga yarinyar tana gyara zama a bakin titi, hannu ɗaya a ƙugu.

Ba ta je ta ba ta haƙuri ba, ba ta kuma kira ta gefenta ba. Abin da ta yi kawai, ta daina saro barkono. Duk wanda ya tambaya sai ta nuna da baki, fuska a ɗaure: "Babu. Tsallaka wajen waccan." 'Yarta ta ce, "Mama, ai barkono ne ke rufa mana asiri." Ta ce, "Na tambaye ki?"

Daga baya yarinyar ta daina fitowa. Aka ce ta haihu lafiya, mijinta ya mayar da ita wajen iyayensa. Uwar Kowa ta ce madalla, ta ci gaba da tsince ruɓaɓɓun tumatir.

Da aka buɗe sabuwar kasuwa, ta yi kyau, babu mai musu. Kwata na gudu, fitilu ras. Sai dai rumfar da aka ba ta a hawa na sama take, gwiwarta kuwa ba ta hawa. 'Yarta ce ke zama a can, ita kuma tana ƙasa a gindin matakala. Wasu na cewa ta canza, wasu na cewa ai ta yi ƙoƙari.

Ƙaninta ya zo ganin gini, yana ta yaba fenti. Ta bari ya gama, sannan ta nuna masa kwandon albasa.

"Tunda ka zo, Auta, hau da wannan."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauka.